Koyon Aikin Mayar da Majinyaci kan Sana'arsa



Mu ɗauki misalin tela a kasuwar Sabon Gari wanda hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. Likita ya ceci ransa, masu gashin ƙashi sun tsayar da shi da ƙafarsa, an sallame shi. To, wa zai koya masa cin tuwo, da alwala, da riƙe almakashi? Akwai fannin ilmi takanas domin wannan, watau jiyya ta hanyar ayyukan yau da kullum, kuma a kansa muke son yin magana a yau.

Fannin ba baƙo ba ne a duniya. An kafa ƙungiyarsa ta farko a Amurka a 1917, ta duniya kuwa a 1952. A Nijeriya ana koyar da shi a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ife, da makarantar tarayya ta Oshodi a Legas. Hukumar da dokar soja ta 1988 ta kafa ita ke yi wa masu aikin rajista. Ɗalibi zai karanta ƙirar jikin mutum, da aikin jijiyoyi, da halayyar ɗan'adam, kana ya yi watanni a asibiti ƙarƙashin ƙwararru.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Yawancin littattafan nan a Ingila da Amurka aka rubuta su, saboda haka suna koyar da riƙe cokali mai yatsu da shiga bahon wanka. Majinyacinmu kuwa a tabarma yake zama, da buta yake tsarki, masansa na tsuguno ne, kuma idan aka ce ya ci abinci da hagu, sai ya ƙi ci gaban mutane. Wannan babu shi a manhaja. Wanda ke son aikin, lalle ya fita daga harabar Samaru ya zauna wurin tela da makaniki da mai daka, ya lura da yadda yatsu da kafaɗa ke aiki.

Masu bukata kuwa ga su nan. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta asali daga Nijeriya a 2020, amma waɗanda ta riga ta nakasa suna tare da mu, haka ma waɗanda kuturta ta lalata wa yatsu, irin masu zuwa Saye, da waɗanda haɗarin babur ke kaiwa asibitin Shika. Mu da muka tashi cikin harshensu da gidajensu ya fi dacewa mu karanta fannin, ko da karatun zai kai mu Ife.