Jariri Mai Babban Kai

Jama'a, yau za mu yi magana a kan wata cuta ta jarirai wadda kusan kowane gari an taɓa ganinta. A kan haifi yaro, bayan wata biyu ko uku sai a ga kansa yana ta girma, har ya fi ƙarfin wuyansa. Waɗansu su ce iska ta shafe shi, waɗansu su ce ɗan ruwa ne. Sai a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. To, ba iska ba ce. Ruwa ne ya taru a kansa, kuma da magani.

Kowannenmu yana da ruwa a cikin kansa, garai-garai kamar na rijiya. Ƙwaƙwalwa ce ke yinsa a cikin waɗansu koguna nata. Babban mutum ya kan yi wajen rabin lita kowace rana. Ruwan ya kan bi ta 'yan ƙananan hanyoyi, ya kewaye ƙwaƙwalwa da lakar da ke cikin ƙashin baya, sa'an nan jini ya shanye shi.

Mun san abin da ke faruwa da damina idan indararo ya toshe. Ruwa ya kwanta a kan soro, ya yi ta nauyi har azara ta karye. Haka nan idan hanyar ruwan kai ta toshe. Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗuwa ba, don haka sai kai ya yi ta buɗewa, ruwa kuwa yana danne ƙwaƙwalwa.

Me ke toshe hanyar? Wani da toshewar a ke haifarsa, musamman yaron da ya zo da ƙari a gadon baya, inda ƙashi bai rufe laka ba. Wani kuwa zazzaɓi mai tsanani ne ko sanƙarau ya bar masa tabo a ciki. A garin Mbale na ƙasar Uganda, likita Benjamin Warf ya nuna a 2005 cewa fiye da rabin jariran da ya yi wa aiki, cutar da ta kama su bayan haihuwa ce ta jawo musu.

Ga alamun da za mu lura da su. Maɗiga ta kumbura ta yi tauri, ko da yaro ba ya kuka. Jijiyoyi su fito ɓaro-ɓaro a fatar kai. Ƙwayar ido ta sauka ƙasa, fari ya bayyana a sama. Yaro ya riƙa amai, ko yawan barci, ko ya ƙi nono. Kewayen kan jariri ran haihuwa wajen inci 14 ne. Mu sa ma'aikacin lafiya ya riƙa auna shi kowane zuwa rigakafi, ya rubuta a kati.

Maganinsa aiki ne na likitan ƙwaƙwalwa. A kan sa wa yaro maganin barci, a huda ƙoƙon kai kaɗan, a zura siririn bututun roba. Bututun ya bi ta ƙarƙashin fata, ta bayan kunne da wuya, har cikin ciki a gefen hanji, inda jiki zai shanye ruwan. Yana da bawul irin na tayar keke, mai barin ruwa ya wuce amma ba ya komowa. Wani mai aikin injuna a Amurka, John Holter, shi ya ƙera irin bawul ɗin nan a 1956, domin ɗansa na da cutar. Wani yaron kuwa ba a sa masa bututu, sai likita ya leƙa da madubi ya buɗe wa ruwan sabuwar hanya a ciki.

A Nijeriya, likita Latunde Odeku ya kafa sashen aikin ƙwaƙwalwa a Ibadan a 1962. Yanzu ana yin aikin nan a manyan asibitocin koyarwa na Sakkwato, da Kano, da Zariya. Mu fara zuwa asibitin da ke kusa da mu, su ba mu takarda.

Bayan aiki fa sai an kula, don bututu ya kan toshe ko ya kamu da cuta. Idan amai ya komo, ko zazzaɓi, ko fata ta kumbura a kan hanyar bututun, mu koma asibiti ran nan, kada mu jira ranar kasuwa.

Rigakafi ya fi magani. Mata su sha ƙwayar folik asid tun kafin ciki ya shiga, domin laka tana rufuwa cikin kwana 28 na farko, kafin mace ta tabbata tana da juna biyu. A yanke cibiya da sabuwar reza, kada a shafa mata toka ko kashin shanu. Jaririn da ya yi zazzaɓi kuwa a kai shi asibiti nan da nan.

Abin da za mu riƙe shi ne wannan: kada a yi wa kan yaro sakiya, ko tsaga, ko ƙaho. Aiki ya kan tsayar da ɓarna, amma abin da ruwa ya riga ya lalata da wuya ya komo. Yaran da aka kai da wuri, da yawansu sun tashi, sun yi tafiya, sun shiga makaranta. In mun san gidan da aka ɓoye irin yaron nan, mu je mu gaya wa iyayensa, tun da sauran lokaci.