Tsohon Tsari a Gajeren Zango: Darasi Daga Filin Ƙwallon Lambu



Na san wasu za su yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da ƙwallon lambu, watau wasan nan da Turawa ke kira golf. Amsar ita ce aro. Duk wanda ya nazarci rubutacciyar waƙar Hausa ya san malamanmu sun ari karin waƙar Larabci, suka sarrafa shi har ya zauna daram a bakin Bahaushe. Tambayar da manazarci ke yi game da waƙa ita ce zan yi yau game da ƙasa da yashi: idan an aro tsari daga nesa, me ya kamata a riƙe, me kuma ya kamata a sauya? Batun bai yi mana nisa ba, domin marigayi Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya rasu a 2023, ya kafa filin wannan wasa a Dutse, Jahun kuwa tana cikin masarautarsa.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita kalmomi. Tazarar da ke tsakanin inda ake fara bugu da ramin da ake son ƙwallo ta faɗa zan kira ta zango. Lafiyayyen wurin da ya kewaye ramin, inda ake gangara ƙwallo a hankali, zan kira shi dandali. Gajeren zango shi ne wanda gwani zai isa dandalinsa da bugu ɗaya, ya ƙarasa da biyu.

Wani Ba'amurke mai suna Charles Blair Macdonald, wanda ya koyi wasan a St Andrews ta ƙasar Sikotlan tun yana ɗalibi, shi ne ya shahara da aron tsofaffin tsare-tsare. Ya zaga filayen Birtaniya yana aune-aune, sa'an nan ya gina National Golf Links kusa da birnin New York, aka buɗe shi a 1911. Daga baya shi da mataimakinsa Seth Raynor suka riƙa maimaita waɗannan tsare-tsare a filaye da dama. Biyu daga ciki sun ishe mu misali.

Na farko shi ne Redan, zango na 15 a North Berwick, mai tsawon yadi kusan 190. Sunan ya samo asali ne daga wata ganuwa da sojan Ingila suka sha wuya a kanta a yaƙin Kirimiya a 1855. Dandalinsa a karkace yake, ya taso daga dama ta gaba ya nufi hagu ta baya, yana gangarewa nesa da mai bugu, ga kuma kwarin yashi mai zurfi ya tsare gabansa ta hagu. Wanda ya nufi ramin kai-tsaye, ko dai ya faɗa yashi ko ya zarce. Mai hankali sai ya saukar da ƙwallo ta dama, ya bar gangaren ya kai masa ita. Na biyu shi ne Biarritz, wanda ya ɗauki sunan wani gari a Faransa. Dandali ne dogo da aka ratsa tsakiyarsa da kwari, kuma yawanci tsawon zangon ya haura yadi 200, kamar zango na 9 a filin Jami'ar Yale da aka buɗe a 1926.

To, a nan gizo ke saƙa. Waɗannan tsare-tsare an yi su ne domin bugu mai nisa, inda ƙwallo ke tafiya ƙasa-ƙasa, ta sauka da gudu ta ci gaba da gangarawa. A zamaninmu kuwa ana ta gina ƙananan filaye saboda tsadar ƙasa da ruwa, alal misali The Cradle a Pinehurst ta Amurka, da aka buɗe a 2017, mai zango tara waɗanda jimillarsu yadi 789 ce kacal. A zango mai yadi 90, mai wasa yana cilla ƙwallo sama ne, ta faɗo kamar daga kan rimi, ta tsaya kusan inda ta sauka. Idan haka ne, sai ya tsallake kwarin yashi, ya yi watsi da gangaren da aka gina dominsa. Kamannin Redan suna nan, amma hikimarsa ta tafi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya wajaba a riƙe, a ganina, shi ne tambayar da tsarin yake yi wa mai wasa: za ka bi ta sama ka ɗauki kasada, ko za ka bi ta ƙasa ka yi haƙuri? Domin tambayar ta ci gaba da aiki a gajeren zango, dole mai tsarawa ya yi abu uku. Ya ƙuntata dandalin, har sauka a kansa kai-tsaye ya zama da wuya. Ya ƙara wa gangaren tsauri, yadda ko ƙwallon da ta faɗo daga sama za ta motsa. Sa'an nan, kuma wannan ya fi muhimmanci, ya tabbata ƙasar tana da tauri, domin a ƙasa mai laushi da aka cika wa ruwa babu gangaren da zai yi tasiri.

Yanzu mu dawo gida. Filayen bakin tekun Sikotlan, inda wasan ya girma, tuddan yashi ne da iska ta tara. Duk wanda ya bi hanyar Jahun zuwa Haɗejiya ya ga irinsu: jigayi a jere, da fadamu a tsakaninsu, kuma daga nan jihar ta sami sunanta. Da rani ƙasarmu takan yi tauri, iskar hunturu kuma tana kaɗawa daga arewa maso gabas, tana hana mai wasa cilla ƙwallo sama yadda ya ga dama. Watau abin da wasu ke kashe dukiya su samar, mu Allah ya ba mu shi kyauta.

Sai dai muna da namu sharaɗin. Tun zamanin Turawa, filayen Arewa irin na Kano sun saba da dandalin yashi da aka cakuɗa da mai, maimakon ciyawa, ana share shi kafin a gangara ƙwallo. Irin wannan dandali ba ya ɗaukar gangare mai yawa, domin ruwan damina zai wanke shi. Saboda haka mai son Redan a nan sai ya fitar da gangaren waje, ya gina shi a kafaɗar dama ta gaban dandalin, a kan tsandauri. Haka ma kwarin Biarritz, a haƙa shi gab da dandalin maimakon tsakiyarsa. Siffa ta sauya, tambayar kuwa tana nan.

Daɗin daɗawa, akwai batun haƙƙi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan Kogin Haɗejiya ya zama abin lissafi tsakanin manomin shinkafa da masunci da makiyayi, ga kacalla ta toshe magudanai, ga ambaliya irin ta 2022. Bai dace a ɗebi wannan ruwa domin shayar da ciyawar wasa ba, bai kuma dace a zuba mai a inda zai tsiyaya cikin fadama ba. Idan wata makaranta ko hukuma ta yi niyyar gina fili a wannan yanki, shawarata ita ce ta hau jigawa, ta nemi gefen da ba a nomawa, ta yi gajerun zanguna tara, ta bar wa manomi fadamarsa.

A ƙarshe ina kira ga ɗalibanmu, musamman masu karatun safiyo da tsara ƙasa, da su je Dutse su taka filin da ƙafarsu, su auna, su tambayi masu kula da shi yadda ƙwallo ke gudu a watan Janairu da yadda take yi a Agusta. Daga nan ne za su san abin da ya cancanci aro.