Faifai biyu a uwar garke: shin littafin bashin kasuwa ya tsira ke nan?

Tambayar wannan mako daga sakataren wata ƙungiyar dillalan shanu ta fito. Ya ce sun gaji da littafin bashi na takarda, yau ruwa ya jiƙa, gobe gara ta ci. Sai wani mai gyaran kwamfuta ya ce zai haɗa musu na'ura guda da za ta riƙe lissafin naira da na sefa, da hotunan takardun rigakafi da na ƙetare iyaka da dabbobi. Har ya ce tunda faifan ajiya biyu zai saka, bayanansu ba za su taɓa ɓacewa ba. Malam sakatare na son ya ji, gaskiya ne ko cika baki?

To, rabi gaskiya ne, Malam.

Ita wannan na'ura ana ce mata uwar garke, kuma makiyaya kun riga mu sanin ma'anar sunan: ita ce sauran ke bi. Kwamfuta ce da ke zaune wuri ɗaya, wayoyi da kwamfutocin ofis suna ɗaukar bayani daga gare ta, ko da intanet ta ɗauke, muddin suna kan layin ofishin. Ana iya yanka ta gida-gida kamar yadda ake yanka rumfa ɗaya a fitar da shaguna uku, kowane da ƙofarsa da makullinsa. Wannan shagon na lissafi, wancan na takardu, in ɗaya ya rikice sauran na aiki. Manhajar Proxmox, wadda wani kamfani na Ostiriya ya fara fitarwa a 2008, tana wannan aiki kuma kyauta ake sauke ta.

Yanzu ga maganar faifai biyu. Dabarar sunanta RAID, masana a jami'ar Berkeley ta Amurka suka bayyana ta a 1988. Kala-kala ce, amma wadda ta dace da ku ita ce RAID 1: duk abin da aka rubuta a faifai na farko, nan take an rubuta shi a na biyu. In ɗaya ya mutu, ɗayan ya ci gaba. Sai dai ku sani, kun biya kuɗin biyu ne kuna cin wurin ɗaya, terabait 1 da terabait 1 ba su ba ku 2 ba. Kuma ku tambayi mai haɗawa lambar da bakinsa, don akwai RAID 0, wadda ke raba bayani rabi nan rabi can saboda sauri. Ita kam faifai ɗaya ya mutu, komai ya tafi.

A ganina gara a bar manhaja ta yi haɗin, kamar mdadm ko ZFS, maimakon a sayi katin RAID na musamman. In kwamfutar ta lalace, sai a zare faifan a kai wata mai Linux a karanta. In kati ne ya ƙone, sau da yawa sai an samo irinsa, to a Maraɗi ko Jibiya ina za ku same shi ranar kasuwa?

Ga inda mai gyaranku ya zarce. Faifai na biyu madubi ne, abin da na farko ya yi shi yake yi. Yaron ofis ya goge bashin Alhaji bisa kuskure, ya gogu a duka biyun. Cutar kwamfuta ta shiga, ta shiga duka biyun. Ɓarawo kuwa ba faifai ɗaya zai ɗauka ya bar muku ɗaya ba, haka gobara, haka wuta in ta zo da ƙarfi. Fulani suna da haɓɓanaye, a ba ɗan'uwa saniya ta zauna a garkensa. Zumunci ne, amma kowa ya san in annoba ta faɗa wa wannan ruga, waccan saniyar tana nan. Haka za ku yi. Faifai na uku, na hannu, a kwafe komai ranar da kasuwa ta tashi, a zare shi, ya kwana a gidan ma'aji.

Sai filashi. Wasu na ɗora manhajar tayar da na'urar a kan filashi don su bar manyan faifan ga bayanai kaɗai. Akwai manhajar da aka gina don haka, kamar Unraid, wadda lasisinta ma da filashin ake ɗaure shi. Proxmox ba haka take ba, kullum cikin rubuce-rubuce take, kuma filashi mai araha ba ya jure wannan. Ko kamfanin VMware a 2021 ya shawarci masu amfani da manhajarsa su daina dogara da filashi kaɗai. Gara ƙaramin faifan SSD, ko a ɗora manhajar kan faifan nan biyu. In dai dole sai filashi, a yi kwafi na biyu a kulle a durowa, na jikin na'urar kuma a ɓoye shi, kar wani ya zare ya je tura waƙoƙi.

Maganar wuta ba sai na faɗa muku ba. Mutanen Nijar ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da aka yanke lantarkin da ke zuwa daga Najeriya har zuwa Maris 2024. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana ɓata bayani, don haka batirin UPS ko sola da inbata yana cikin kuɗin aikin tun farko. A kuma riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu.

Malam sakatare, kafin ku cika wa mai aikin kuɗinsa, ku ce ya kashe na'urar a gabanku, ya zare faifai ɗaya, ya kunna, ku buɗe littafin bashi ku gani da idonku. Ya nuna muku inda za ku duba ku gane faifai ya mutu, don na'urar za ta ci gaba da aiki shiru a kan ɗaya, wata da watanni ba wanda ya sani. Kalmar sirri kuma ya rubuta ta a takarda ya damƙa wa shugaba da ma'aji, kada ta zauna a kansa shi kaɗai.