Harhaɗa Ƙananan Motoci: Wasa Ne Ko Karatu?



An nemi mu yi magana a kan wani abu da zai amfani 'ya'yanmu waɗanda aka haifa a birni, sai muka zaɓi batun da mai yiwuwa wasu za su ga bai kai a tara manyan mutane a kansa ba, wato harhaɗa ƙananan motoci na roba waɗanda ake sayarwa a warwatse cikin kwali. Muna roƙon a ba mu aron kunnuwa tukuna kafin a yanke mana hukunci.

Ba motar wasa ta kanti muke nufi ba, irin wadda ake miƙa wa yaro da safe ya karya ta kafin la'asar. Wannan idan ka buɗe kwalinta ba za ka ga mota ba. Abin da za ka gani shi ne gutsattsarin roba, wani lokaci fiye da ɗari, maƙale a jikin firam kamar 'ya'yan itace a reshe, kowanne da lambarsa, tare da takardar zane mai nuna inda kowanne zai zauna. Ga injin a rabe gida biyu, ga sitiyari, ga kujeru, ga salansa, ga gilasai da tayoyi. Aikin mai ita ne ya yanko su, ya goge, ya manna, ya yi fenti, har ta zama tamkar motar gaske da aka ƙanƙance. A Ingila da Amurka da Japan, ba yara kaɗai ke wannan ba. Har da masu furfura irinmu, kuma sukan shafe makonni a kan mota guda.

Tarihin abin bai yi nisa ba. A Ingila, kamfanin Airfix ya yi ƙaramin samfurin taraktar Ferguson a 1949 domin talla, daga baya aka shiga sayar da ita a warwatse don mai saye ya haɗa da kansa. A Amurka, kamfanin AMT ya fara ne da yi wa dillalan motoci ƙananan samfura da suke nuna wa masu ciniki, sa'an nan a 1958 ya fito da kwalin da za a iya haɗa motar cikinsa ta hanya uku: yadda ta fito daga masana'anta, ko a ƙawata ta, ko a mai da ita ta tsere. Amma wanda ya fi jan hankalinmu shi ne Tamiya na birnin Shizuoka a Japan, wanda ya soma a 1946 a matsayin kamfanin katako. Lokacin da suke shirin fitar da samfurin Porsche 934 a 1976, sai da suka sayi Porsche 911 ta gaske suka kwance ta kaf, suka auna sassanta ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da za su wargaza mota mai tsada haka don kada su yi kuskuren awo a kan abin da bai wuce a ɗora kan tebur ba, ai ba wasa suka ɗauki aikinsu ba.

Awon nan shi ne zuciyar maganarmu. A jikin yawancin kwalaye za a ga an rubuta 1:24, ko 1:25 idan na Amurka ne. Ma'anarsa, duk santimita 24 a jikin motar gaske ta koma santimita 1 a jikin ƙaramar. Mu ɗauki Peugeot 504, wato Fijon da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, wadda da yawanmu a cikinta muka fara zuwa birni. Tsawonta ya kusa mita huɗu da rabi. Idan aka raba da 24, za a sami santimita 19 ba kaɗan, ba ta kai tsawon rular ɗan makaranta ba. Wilinta mai inci 14 zai dawo kimanin santimita ɗaya da rabi. To, a tambayi yaro: ƙananan nawa ne za su cika gurbin babbar? Nan take zai ce 24. Amsar kuwa ita ce 24 sau 24 sau 24, wato 13,824, domin an rage tsawo, an rage faɗi, an kuma rage tsayi. Mun shafe shekaru muna rubuta irin wannan lissafi a allo, yara suna kwafa suna mantawa. Wanda ya riƙe ƙaramar a tafin hannunsa yana duban babbar a ƙofar gida, da wuya ya manta.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin almakashi ko abin yanke farce, reza mai kaifi, matsefata, sanfefa mai laushi, burushi siriri, fenti da gam. Gam ɗin ma abin lura ne. Ba irin na manna takarda ba ne. Narkar da fuskar robar yake yi kaɗan, sai ɓangarorin biyu su haɗe su zama abu guda, kamar walda. Saboda haka ɗigo ɗaya ya isa, kuma idan ya taɓa gilashi ya ɓata shi ke nan. Shi ya sa ƙwararru ke gwada zaman kowane sashe a bushe kafin su kai ga gam, kuma sukan kankare fenti daga wurin da za a manna, don gam ba ya kama fenti.

Fenti kuwa shi ne inda ake gane mai haƙuri. Ana fara wanke bodin da ruwan sabulu, a shimfiɗa fentin ƙasa, sa'an nan a bi da launi sama-sama, sau uku ko huɗu, ana bari kowanne ya bushe. Mai gaggawa yakan lafta shi lokaci guda, sai ya cike layin ƙofa da marikinta, motar ta fito kamar an tsoma ta a kunu. Lissafin ɗazu ne ke hukunta shi: kaurin rabin milimita a kan ƙaramar daidai yake da milimita 12 a kan babbar, kuma babu motar da ke yawo da fenti mai kaurin yatsa. A ƙasarmu akwai ƙarin jarrabawa. Da hunturu ƙura ce za ta sauka a kan ɗanyen fenti, don haka a kifa kwano a kai da zarar an gama. Da damina kuma laima kan sa fentin feshi ya dushe. A riƙa yin aikin a wuri mai iska, kada a rufe ɗaki da warin gam da tina, kada kuma a bar ƙaramin yaro da reza shi kaɗai.

Daga nan sai matakin da masu abin suka fi alfahari da shi, wato ƙara abin da kamfani bai sa a kwali ba. Wayar filogi ta motar gaske kaurinta kimanin milimita 7 ne, don haka a kan ƙaramar ana neman waya da ba ta kai sulusin milimita ba, irin wadda ake zarowa daga cikin tsohuwar rediyo. Ba a soka wayoyin yadda aka ga dama. Wanda ke haɗa Volkswagen Beetle, wadda Tamiya ke da samfurinta na ƙirar 1966, dole ya san cewa injinta a baya yake, iska ce ke sanyaya shi, saboda haka ba ta da lagireto, kuma filoginta huɗu suna tashi ne a jeren 1-4-3-2, alhali yawancin injuna masu silinda huɗu a layi ɗaya 1-3-4-2 suke bi. Yaron da ya je garejin unguwa ya tambayi kanike wannan don kawai ƙaramar motarsa ta yi daidai, ya fara karatun injiniya bai sani ba. Wasu ma ba sa son motarsu ta fito fes. Sukan kankare alli mai launi su shafa a ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi, har ta yi kama da a-kori-kura da ta kwana tana jigilar hatsi a kan burji. Wannan ya fi wuya, don sai ka lura da inda laka ke fantsama da inda tsatsa ke fara ci.

Mun san abin da ke ran dattawan da ke zaune a gaba: ai mu ma mun yi mota. Gaskiya ne. Da kaka, bayan an girbe dawa, kowace unguwa takan zama masana'anta. A ɓare kara, a yi ginshiƙai da ɓawonsa, a yi mahaɗa da totuwa, a fafe sakaina ko tsohon silifa a yi taya, ƙaya ta zama ƙusa. Waɗanda suka fi wayo su yi ta langa-langa ko ta gwangwanin madara, har da dogon sitiyari mai juya tayoyin gaba. A ganinmu, ta wani fannin motar kara ta fi ta kwali daraja, domin babu wanda ya ba yaron zane. Shi ne mai ƙira, shi ne mai neman kaya, shi ne kanike idan ta lalace. Mai motar kwali kuwa bin umarnin wani yake yi. Abin da motar kara ta rasa shi ne awo. Da ido ake yin ta, shi ya sa taya kan fi ƙofa girma ba wanda ya damu. Masana'anta kuwa ba ta karɓar "kusan daidai".

Damuwarmu ita ce 'ya'yanmu na birni sun tashi ba su da ko ɗaya daga cikin biyun. Babu kara a gidan bene, kuma darasin aikin hannu, wanda a kwalejin horon malamai aka koya mana mu ɗauke shi da nauyi kamar lissafi, a makarantu da dama ya koma kawo tsintsiyar da aka saya a kasuwa a karɓi maki. Yatsun yaro sun iya shafa gilashin waya, amma a ba shi rula da reza ya yanka kwali a miƙe, sai ka ji tausayinsa. Wannan yaron ne kuma muke fatan gobe ya zama injiniya ko likitan tiyata.

Ba mu manta da tsada ba. Daga waje ake kawo waɗannan kwalaye, da kuɗin waje, kuma ba kowane kanti ke da su ba. Wanda Allah ya hore wa, idan ya yi tafiya, ya sayo guda ɗaya mai sauƙin sassa maimakon wani tarkacen tsaraba, ya zauna tare da ɗansa ko 'yarsa su haɗa, ko da rabin sa'a ne a daren Asabar. Kada uba ya karɓe aikin don yana ganin yaron zai ɓata. Ta farko dama ba ta fita da kyau a hannun kowa.

Wanda bai samu ba, ga hanyar da ba ta cin ko sisi. A ba yaro tef ɗin tela ya auna motar gidan ko ta maƙwabci: tsawo, faɗi, tsayi, tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, faɗin ƙofa da na gilashi. Ya rubuta su a littafi, ya raba kowanne da 24, ya zana motar a takarda mai gidaje ta gefe da ta gaba da ta sama. Sa'an nan ya yanka ta a kwalin sabulu, ko a kawo masa kara daga gida idan an je hutun ƙarshen shekara. Muna ba Kwamitin Ilimi shawarar a ware tebur guda a taron baɗi, kowane reshe ya zo da motocin da 'ya'yansa suka yi, na kwali da na kara da na gwangwani, kowace da takardar awonta a gefe. Alƙalai su zama kanike ɗaya da malamin lissafi ɗaya, kuma su zo da rularsu.