Ƙaho, ƙashi da ƙodago: jawabi ga makiyaya da fataken shanu kan sana'ar kayan ado



An nemi in yi magana a kan sana'ar kayan ado, wato abin wuya, munduwa, zobe da ƴan kunne, irin waɗanda ake yi da abin da dabba da daji suke ba mu. Na san wasu za su ce: mun taru don maganar burtali da rijiyoyi, me ya kawo maganar munduwa? To, ku ba ni aron kunnuwanku.

Kowa a nan ya san abin da ke faruwa a ƙarshen rani. Hatsi ya yi tsada, dabba ta rame, kuɗinta ya faɗi. Maigida ya kora karsana kasuwa don ya samo buhun gero, alhali karsanar nan ita ce garken gobe. Duk sana'ar da za ta kawo wa gida jika biyu ko uku a wannan lokaci, ta hana a sayar da karsana, sana'ar kiwo ce, ko da a zaune ake yin ta.

Abin ba sabo ba ne. Bayan farin 1973 da na 1984, wanda mutanen Maraɗi ke kira El-Buhari, Woɗaaɓe da yawa da suka rasa shanunsu sun shiga birane. Wasu gadi suka kama, wasu tallar magani, wasu kuwa suka zauna da fata da wuri da duwatsun ado suna haɗa abin wuya suna sayar wa Turawa a Yamai da Agadas, har da Abijan. Akwai waɗanda da kuɗin nan suka sake sayen ƴan awaki, daga awaki suka koma ga shanu. Maƙeran Abzin kuwa sun daɗe da sanin wannan hanya, da zoben azurfa da gicciyen Agadas wanda duniya ta sani.

Sai dai kasuwar da ta dogara ga baƙo ba ta da tabbas, kuma mun gani da idonmu. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya kori masu yawon buɗe ido daga arewa. Sun fara dawowa, sai tawayen 2007 ya zo. Tseren motocin Dakar, wanda a wasu shekaru yake ratsa Agadas, an soke shi a 2008, daga 2009 aka ɗauke shi daga Afirka. Bayan sace mutane a Arlit a 2010 sai hanya ta ƙara mutuwa. Wanda ya ƙera kaya don Bature kaɗai, kayan suka zauna masa a jaka. Don haka shawarata ta fari ita ce, ku yi abin da ƴar ƙauyenku za ta so ta sa ranar salla, abin da za a saka a kayan amarya. In baƙo ya zo Ingal lokacin taron gishiri ya saya, riba ce a kan riba.

Yanzu mu zo ga kayan aiki, don a nan ne muka fi kowa. Ku je kowace mahauta ranar kasuwa, ku dubi bayanta. Ƙahoni ne zube, karnuka na ja. Ƙahon jan sa na Bororo dogo ne, ana samun munduwa da yawa a guda ɗaya, kuma launinsa na tafiya daga fari zuwa baƙi, babu biyu masu kama da juna. Na Azawak gajere ne, ya fi dacewa da zobe da ƴan kunne. Bayan babbar salla, ƙahon rago ba ya ƙirguwa.

Aikinsa ba shi da wuya, haƙuri yake so. A dafa ƙahon a tsohuwar tukunya har ƙashin da ke cikinsa ya saki, a buge shi ya fita, a wanke, a shanya a inuwa. Kada a bar shi cikin rana mai zafi, tsagewa yake yi. Sai a yanka da ƙaramin zarto. In ana son a miƙar da shi ko a lanƙwasa, a gasa shi nesa da harshen wuta ko a tsoma a mai mai zafi, zai yi laushi; a matse shi tsakanin katako biyu har ya huce, sai ya tsaya yadda aka so. Daga nan magagari, sannan yashi mai laushi, sannan toka da tsumma, a ƙarshe a shafa ɗan mai. Wari kam akwai shi, don ƙaho da gashi da kofato asalinsu ɗaya, kuma kun san warin ƙonannen gashi. A yi aikin a bayan gida.

Ƙashin raƙumi da na sa, in an dafa an fid da maiƙo an shanya, fari yake fitowa tas. Fata kuwa ba sai na gaya muku ba: fatar jar akuyar Maraɗi tana cikin waɗanda ake yabo a duniya, majemanmu suna jeme ta da bagaruwa, dukawa su rina ta ja da karan dafi. Da ƴan guntayen da baduku ke zubarwa ake kitsa igiyar abin wuya. Sai ƙodagon goriba: cikinsa in ya bushe yana da tauri, fari ne kamar hauren giwa, har a zamanin mulkin Italiya a Eritiriya maɓallan riga ake yi da shi. Ƙwallon aduwa da na tsamiya ma ana huda su a jera.

Abu biyu nake roƙon ku kiyaye.

Na ɗaya, mushe. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci ko ta baya, kada a taɓa ƙahonta ko fatarta ko ƙashinta. Ciwon saifa ne ake tsoro, ƙwayarsa na zama a fata da ƙashi da ƙasa shekaru masu yawa, kuma tana kama mutum. A sanar da ma'aikacin dabbobi, a binne ta da zurfi. Daga dabbar da aka yanka lafiya kaɗai za a ɗauki kayan aiki.

Na biyu, namun daji. Wani dillali zai zo ya ce muku ƙahon barewa ko ɓawon ƙwan jimina ya fi kuɗi. Ku ƙi. Dattawan da ke nan sun ga mariri a Azawak da idonsu. Yaranmu labarinsa kawai suke ji. Jimina ma ta kusa bin sa. An hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma dokar farauta ta Nijar ta 1998 tana hukunta mai kashe dabbobin da aka kare. Mu da muke neman hukuma ta mutunta haƙƙinmu na kiwo, wanda dokar 2010 ta amince da shi, bai kamata a kama ɗanmu da fatar barewa a jaka ba. Haka goriba. Mutanen Gulbin Kaba sun san yadda yawan yankan kaba yake hana itacen tashi. A tsinci abin da ya faɗo, a bar wani a ƙasa ya tsiro.

Akwai masu cewa wannan aikin maƙera ne da dukawa, bai dace da ɗan makiyayi ba. Ni ban ga abin kunya a ciki ba. Matanmu tun kaka da kakanni suke sassaƙa ƙwarya, suke ɗinkin zane, suke jera duwatsu ga samari masu zuwa gerewol. Ba mu ce kowa ya ƙwace wa maƙeri uwar maƙerarsa ba. Aikin azurfa nasa ne. Shi ma yana bukatar ƙaho da fata mai kyau, ku kuna bukatar waya da maɗauri daga hannunsa. A yi ciniki.

Inda aka fi cutar mata shi ne wajen sa kuɗi. Mace ta kwana biyu tana aiki, dillali ya ba ta dala ɗari, ta yi murna, don a ganinta ƙahon kyauta ta samu. Ba kyauta ba ne. Ta lissafa itacen da ta ƙona, da zaren da ta saya, da kuɗin mota zuwa kasuwa, sannan ta tambayi kanta nawa ake biyan mai aikin gona a yini. In kuɗin munduwa bai kai haka ba, ta yi wa dillali aikin banza. Gara mata goma su haɗu, su sayi zarto da magagari tare, su tsai da kuɗi ɗaya, su riƙa aika mutum ɗaya da kayan kowa, a rubuta a littafi. Kuma kuɗin ya shiga hannun wadda ta yi aikin. Maigida, wannan da kai nake.

Ku kuma fatake, nan ne naku ya shigo. Kuna zagaya Abalak, Cintabaradan, Dakwaro, Balleyara, kuna da abokai mahauta a ko'ina, motocinku na sauke shanu su komo babu kaya. Buhu ɗaya na ƙaho ba zai yi wa mota nauyi ba. Ku kawo wa ƙungiyoyin mata, ku ɗauki abin da suka gama ku kai wa masu shago a Tawa da Damagaram da ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata a Yamai. Ku ci ladanku, amma ku faɗi gaskiyar abin da aka sayar.

Abin da nake nema daga shugabannin ƙungiya kafin mu watse shi ne, kowane reshe ya ba da sunan mata biyu da saurayi ɗaya masu son koyo, a nemo maƙeri da baduku da za su zauna da su mako biyu a lokacin sanyi, bayan an dawo daga mashekari, tun hannu bai shiga jan ruwan rijiya ba. Masu tambaya su ɗaga hannu, a fara da ɓangaren mata.