Jawabi Kan Tsofaffin Sojojinmu Da Shugabancin Kasuwa

 

A Amurka, tun 1944 aka kafa dokar biya wa sojan da ya dawo daga yaƙi kuɗin makaranta, aka ƙara wata a 2008. Wasunsu makarantar koyon kasuwanci suke shiga, kamfanoni kuma na rububinsu, domin soja ya saba ƙirga mutanensa kafin ya kwanta, kuma hafsan kirki ba ya cin abinci sai yaransa sun ci.

Mu ma muna da irinsu a Sabo. Sojan da ya kusa ritaya yana iya zuwa cibiyar sojoji ta Oshodi a Legas ya koyi sana'a da harkar kasuwanci. Amma in sun dawo, gadin shago muke ba su! Alhali kuɗin ƙungiya yana hannun wanda ba ya rubuta komai, ran da aka kawo takardar haraji ko ta tashi daga rumfa sai a rasa mai tsaya mana. A zaɓen kwamiti mai zuwa mu ba su kujerar ma'aji da ta sakatare, da sharaɗin su karanto mana littafin kuɗi duk ƙarshen wata.