Asalin Kofin Makaranta

Jama'ar Hotoro! Wani dattijo ya kawo mini kuka, ya ce ɗansa ya ci kofi a tseren makaranta, amma da shekara ta kewayo aka ce ya mayar. Yana ganin an zalunci yaron. To, ku saurara ku ji asalin abin.

Tun kaka da kakanni muna da ladan karatu. In yaro ya sauke Alƙur'ani akan yi masa allon zayyana, ya zaga gidajen dangi, ana ba shi kyauta. Kofi kuwa baƙo ne, daga Ingila ya zo. Asalinsa abin sha ne na azurfa mai hannu biyu, ana miƙa wa juna wajen biki. Sa'an nan Turawa suka mai da shi ladan wasa: wanda ya ci ya riƙe shekara guda, a zana sunansa a gindi, kana ya mayar.

Da Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa, nan kusa da ku, a 1909, aka kuma buɗe Kwalejin Katsina a 1922, sai irin waɗannan al'adu suka biyo malamai. A Katsina an raba yara gida gida suna gasa, har da ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu, wanda Ahmadu Bello ya ƙware a kai. Watau kofi dukiyar makaranta ce, rabon yaro shi ne sunan nan da aka zana.

Ku da kuka koyi boko yanzu, ku tafi ranar ba da kyauta, ku roƙi malam ya miƙo muku kofin, ku karanta sunan ɗanku da idonku.